Bindigar Iska, .22 ko Mai Baki Biyu: Da Wacce Za Ka Fara Wasan Harbi?

Tun daga gasar Olamfik ta Faris a 2024, lokacin da hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya cika wayoyi, hannu ɗaya a aljihu ɗaya riƙe da ƙaramar bindiga, ba na rasa mai tambayata yadda ake shiga wasan harbi. Yawancinsu ɗalibai ne da ma'aikatanmu mazauna Ingila, Jamus da Amurka, waɗanda suka gano akwai kulob ɗin harbi kusa da su. Wasu kuma daga gida suke aiko da saƙo. Tambayar ba ta sauyawa: wace bindiga zan saya? Ɗan'uwa, sayen bindiga shi ne mataki na ƙarshe. Wanda ya fara da shi yakan ƙare da kaya masu tsada kulle a akwati, babu wurin harbawa ko babu kuɗin harsashi.

Maganar da nake yi ta wasa ce, ta auna takarda da faifan yumɓu a fili mai shinge da mai kula. Ba maganar kare kai ba ce. Na san yadda kalmar "ɗan bindiga" ta ɓaci a ƙasarmu, bayan a da sunan masu bindigar toka ne da ke gaban sarki ranar hawan Sallah, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma harbi na cikin wasannin Olamfik tun na farko a Atina a 1896, kuma ban san wasan da ya kai shi koya wa mutum natsuwa ba.

Zaɓi huɗu ne a gaban mai farawa: doguwar bindigar iska ta harbin nisan mita 10, ƙaramar bindigar iska ta wannan nisan, doguwar bindiga mai ƙaramin harsashin da ake kira .22 ta nisan mita 50, da bindiga mai baki biyu ta harbin faifai.

Abin da za ka auna da shi

Na farko doka, don ita kaɗai tana iya kashe maganar tun ba a fara ba. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma duk ƙananan bindigogi masu albarushi suna ciki. Kashi na biyu shi ne wanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba wa lasisi: mai baki ɗaya ko biyu da ake ɗura wa harsashi da hannu, doguwar bindigar wasa, da kuma bindigogin iska, dogaye da ƙanana. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ɗaukar bindigar iska kamar gwafar danƙo ta harbin tsuntsu, alhali a idon doka makami ce mai buƙatar lasisi. Kashi na uku su ne bindigogin toka na maharba. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka mai sha'awa a gida ya fara da tambayar 'yan sanda da hukumar wasan harbi ta ƙasa kafin ya taɓa aljihunsa.

A waje abin ya bambanta. A Ingila da Wales mai shekara 18 zai iya sayen doguwar bindigar iska da ƙarfinta bai wuce kimanin jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), ko ƙarama da ba ta wuce kimanin jul 8 ba, babu takarda. A Sikotland kuwa tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. Jamus ta tsaya a jul 7.5, kuma bindigar da ta cika sharaɗin tana ɗauke da tambarin harafin F cikin zane mai kusurwa biyar. A Amurka akwai tarkon da ɗalibai ke faɗawa: dokar tarayya ta hana mai bizar zaman wucin gadi riƙe bindiga mai albarushi ko harsashinta, sai in ya shiga cikin 'yan keɓantattun sharuɗɗa, kamar mallakar lasisin farauta. Kada abokin karatunka ɗan ƙasa ya ce maka ba komai. Shi ba a korarsa daga ƙasar, kai ana korarka.

Na biyu, wurin harbi: ina yake, kuma sau nawa za ka iya zuwa a wata?

Na uku kuɗi, kuma nan ne kusan kowa ke yin kuskure. Bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kullum. Mai son ya ƙware yana buƙatar aƙalla harbi ɗari a mako, wato wajen 5,000 a shekara. Da wannan adadin zan yi lissafin kowace, a Yuro, bisa kimanin farashin shagunan Turai, wanda ke hawa da sauka.

Sai ƙarko, sauƙin koyo, da haɗari ga kunne, ido, jini da mutanen gida.

Doguwar bindigar iska, mita 10

Babu albarushi a cikinta ko kaɗan. Iska ce aka matse cikin tukunya siririya a ƙarƙashin bakin bindigar, ita ke tura ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, wadda nauyinta wajen rabin giram ne. Ana harbawa a tsaye, sau 60 a gasa. Tsakiyar takardar, wadda ke ba da maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ɗigon da ke ƙarshen wannan jimla. Gwanaye sun kai inda kusan kowane harbi goma ne, shi ya sa aka raba goman zuwa 10.0 har 10.9, makin ƙoli ya zama 654. Ta shiga Olamfik a 1984, kuma da ita Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Beijin a 2008.

Ta masu koyo, kamar Hämmerli AR20, tana kusan Yuro dubu. Na gasa irin su Walther LG400, Feinwerkbau 900 da Anschütz 9015 suna tsakanin dubu biyu zuwa huɗu. Amma gwangwanin ƙwaya 500 na RWS, H&N ko JSB wajen Yuro goma ne, ke nan harbin shekara guda bai fi Yuro ɗari ba. Inda kuɗin ke ɓuya shi ne sutura: riga mai tauri, wando, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da safar hannu, waɗanda ke tallafe baya da ƙugu a ƙarƙashin bindiga mai nauyin da ya kai kilo biyar da rabi. Cikakken saiti yana iya cin wata Yuro dubun. Kulob mai kirki yana da na aro, kuma wata shida na farko ba ka buƙatar naka.

Wajen ƙarko, bakin bindigar iska kusan ba ya cinyewa, tunda babu wuta kuma darma ta fi ƙarfe laushi. Abin da ke mutuwa su ne robobin da ke toshe iska, sai tukunyar, wadda ake cika ta zuwa bar 200 ko 300 (bar ma'aunin matsin iska ne). Dokar gasa ba ta yarda da tukunyar da ta haura shekara goma ba, don haka in za ka sayi ta hannu, duba ranar da aka buga a jikin tukunyar kafin ka duba komai. A ƙasa mai zafi irin tamu kada a bar ta cike a cikin mota da rana, kuma ƙurar hunturu ba ta shiri da robobin nan.

Ranar farko za ka samu takarda, wannan ba wuya. Wahalar tana zuwa daga baya, sa'ad da ka gane bugun zuciyarka ma yana motsa bakin bindiga, ka fara koyon sakin numfashi da matsa kunama a hankali har harbin ya fita da kansa. Ni a ganina duk wanda ya koyi tsayuwa da kunama a nan, ya koye su ke nan a kowace bindiga. Mata kuma su sani, a wannan fanni makinsu na gogayya da na maza kafaɗa da kafaɗa, kuma 'yan wasan Iran da Masar suna shiga gasar duniya da lulluɓinsu.

Ƙararta kaɗan ce, ba ta shuri. Amma ƙwayar tana fita da gudun kusan mita 170 a daƙiƙa, ta isa ta tsiyaye ido, kuma an sha rasa yara ta dalilin bindigar iska da aka bari a fili.

Ƙaramar bindigar iska, mita 10

Ƙwaya ɗaya suke ci da doguwar, nisa ɗaya, harbi 60. Da hannu ɗaya ake riƙe ta a miƙe, babu jingina. Zoben goma milimita 11.5 ne, nauyinta ba ya wuce kilo ɗaya da rabi, kuma kunamarta dole ta ɗauki nauyin giram 500 kafin ta saki. Steyr, Morini, Pardini da Walther su ke riƙe da kasuwar gasa, tsakanin Yuro 1,500 zuwa 2,500, ta masu koyo kuma ƙasa da dubu.

Ita ce mafi araha a cikin huɗun in aka haɗa komai, don babu riga babu wando. Dokar gasa ma ta hana suturar da ke tallafe jiki. Akwatinta ƙarami ne, ga mai zama a ɗaki ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru ba sa hana ta: Dikeç na da 51 lokacin da shi da Şevval İlayda Tarhan suka ci azurfa.

Sai dai ita ce ta fi karya gwiwar mai koyo. Hannu na rawa, ƙwaya na watsuwa ko'ina a takarda, kuma watanni za su shuɗe kafin su taru wuri ɗaya. Akwai wani haɗari da ya keɓanta da ita: gajeriya ce, juya wuyan hannu kaɗan ya isa ya nuna bakinta ga na kusa da kai, kuma daga nesa babu ɗan sandan da zai bambanta ta da ta gaske. Daga akwati zuwa wurin harbi, daga wurin harbi zuwa akwati, iyakarta ke nan. Ga mazauna Birtaniya, inda aka haramta ƙananan bindigogi masu albarushi a 1997 bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane, ita ce babbar ƙofar da ta rage ga mai son wannan fanni.

Doguwar bindiga mai harsashin .22, mita 50

Nan an shigo makami na sosai, mai albarushi, mai buƙatar lasisi kusan ko'ina. A Birtaniya sai da takardar 'yan sanda mai shekara biyar da akwatin ƙarfe da aka kafe a bango. A Jamus sai ka shekara kana harbi a kulob, ka ci jarrabawar sanin makami, kafin a ba ka katin mallaka.

A gasa ana harbi a durƙushe, a kwance, da a tsaye, zoben goma kuma milimita 10.4 ne. Abin da ta ƙara a kan bindigar iska shi ne iskar Allah. A mita 50 ɗan kaɗawar iska na ture harsashi daga goma zuwa tara, sai ka koyi karanta tutocin da aka kafa a fili, ka san lokacin jira da lokacin saki. Harbin kwance yana da daɗin farawa, don ƙasa da majanyin hannu suna ɗauke maka nauyi, mai ciwon baya ma zai iya.

Farashinta faɗi gare shi. CZ 457 ta ƙasar Cek ba ta kai Yuro dubu ba kuma ta isa koyo, yayin da Walther KK500 ko Bleiker ta Suwizalan ke haura dubu huɗu. Kwalin harsashi 50 yana kamawa daga wajen Yuro takwas na atisaye zuwa kusan ashirin na gasa irin Eley Tenex, ke nan shekara na cin 800 zuwa 2,000. Ƙarko ba matsala, bakinta na jure dubban gomomin harbi in ana goge shi.

Ƙanƙantar harsashin ita ke yaudarar mutane. Yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa. Ƙararsa na kusan desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, daidai inda kunne ke fara lalacewa daga ƙara ɗaya tak. Ba abin gwadawa a gona ko bayan gida ba ne.

Mai baki biyu, harbin faifai

Wannan ita ce mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Kana tsaye a fili, ka yi kira, na'ura ta cilla faifai mai faɗin santimita 11 da gudun da ya kai na mota a babban titi, ka bi shi ka harba, ya tarwatse ya zama ƙura a sama. Babu jiran a duba takarda. Jikan maharbi zai ji wani abu ya motsa a jininsa. Iri biyu ne a Olamfik. A tiraf, na'urori 15 ne a rami mita 15 gabanka, faifan na gudu daga gare ka ta inda ba ka sani ba. A sikit, daga ɗakuna biyu yake fitowa, dogo da gajere, yana gilma maka, kai kuma kana zagaya tashoshi takwas da gindin bindiga a ƙugu har sai ya fito. Faifai 125 ake harba kafin zagayen ƙarshe. Larabawan Tekun Fasha sun yi suna a nan: Ahmed Al Maktoum na Daular Larabawa ya ci zinare a 2004, Nasser Al-Attiyah na Katar, gwanin tseren motocin Dakar, ya ci tagulla a 2012, Abdullah Al-Rashidi na Kuwait kuma ya ci tagulla a Tokiyo yana dab da shekara sittin.

Kirar Turkiyya irin ATA da Yildiz ana samunsu ƙasa da Yuro dubu. Beretta 686 na wajen dubu biyu da ɗoriya, su DT11 da Perazzi kuma kusan dubu goma ko fiye. Bindiga mai kyau a nan gado ce, jika zai harba ta kaka. Amma kowane zagaye na faifai 25, in ka haɗa kwalin harsashi da kuɗin faifan, yana cin Yuro 16 zuwa 20. Harbi 5,000 zagaye 200 ne, wato 3,200 zuwa 4,000 a shekara, kowace shekara. Na ga mutane da dama sun sayi bindigar da ƙyar, suka zo wata uku, ba a sake ganinsu ba.

Koyonta daban ne da sauran ukun. Ba a saita ta, ido biyu a buɗe ake bin faifai, a harba gabansa inda zai je. Dole gindin ya dace da kafaɗarka da kuncinka, in ba haka ba shurin zai bar maka tabo kuma ba za ka sami komai ba. Ƙararta ta haura desibel 150, toshe kunne da gilashin ido wajibi ne. A kusa kuwa babu wadda ta kai ta muni cikin huɗun, shi ya sa a fili kullum a karye ake ɗaukarta, kowa na ganin babu komai a ciki.

Maganar sake ɗura kwanso

Wanda ya ga lissafin nan yakan ce, to in riƙa ɗura harsashina da kaina mana. Bindigar iska ba ta da kwanso. Harsashin .22 kuma abin tayar da wutarsa na cikin leɓen kwanson ne, in an harba shi ke nan, ba a maimaitawa. Saura mai baki biyu, kuma lallai a Amurka masu harbin faifai da yawa suna ɗura nasu. Amma ribar ta ragu sosai da tsadar darma da albarushi, sai mai harba dubbai ne ke mayar da kuɗin na'urar. Kuskuren awo ɗaya kuma yana iya fasa bindiga a fuskarka. A Jamus sai da kwas da izini na musamman ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa. A Najeriya doka ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su. Mai farawa ya cire wannan daga lissafinsa gaba ɗaya.

Darma kuwa ta shafi duka huɗun. Mu da muka ga yadda gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Kada a ci ko a sha a wurin harbi, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko yaro, kuma mai juna biyu ta nisanci rufaffen ɗakin harbi.

| | Doguwar iska | Ƙaramar iska | .22 | Mai baki biyu |
|---|---|---|---|---|
| Bindigar koyo (Yuro) | kusan 1,000 | ƙasa da 1,000 | ƙasa da 1,000 | 800 zuwa 2,500 |
| Harbi 5,000 (Yuro) | kusan 100 | kusan 100 | 800 zuwa 2,000 | 3,200 zuwa 4,000 |
| Ƙarin kaya | sutura mai tsada | kaɗan | sutura, madubin hange, akwatin ƙarfe | toshe kunne, gilashi, akwatin ƙarfe |
| Abin da ke lalacewa | roba, tukunya | roba, tukunya | baki, bayan dogon lokaci | ƙananan sassa |
| Farkon koyo | da sauƙi | da wuya | da sauƙi a kwance | sai da koci |
| Ƙara da shuri | kaɗan | kaɗan | ƙara mai cutarwa | mafi tsanani |
| Wuri | ɗaki mai mita 10 | ɗaki mai mita 10 | fili mai katangar tare harsashi | fili mai faɗi a bayan gari |

Wa ya dace da wacce

In ɗanka ko 'yarka kake nema wa, ko kai ne ba ka taɓa riƙe bindiga ba, doguwar bindigar iska a kulob, da kayan aro, ƙarƙashin koci. Da rarrafe yaro kan tashi. Wannan ita ce shawarata ga mutum takwas cikin goma da ke tambayata.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai ƙaramin ɗaki da ƙaramin albashi, in yana da haƙurin jure watannin farko, ƙaramar bindigar iska za ta riƙe shi har tsufa da kuɗin da bai kai na katin waya ba.

Wanda ya shekara a mita 10, takardun zamansa sun daidaita, kuma yana da inda zai kafe akwatin ƙarfe da yara ba sa kaiwa, ya ƙara da .22. In akwai mai fama da damuwa ko ciwon ƙwaƙwalwa a gidan, ko ana yawan rikici, ya bar bindigar a ma'ajiyar kulob ko ya ci gaba da aro.

Mai son fili da motsi da hira da jama'a, wanda zaman shiru na awa guda ba nasa ba ne, mai baki biyu ce tasa, da sharaɗin ya ware kuɗin harsashin shekara kafin kuɗin bindiga. Ya fara da biyan darasi uku ko huɗu da bindigar wurin, sannan ya bar koci ya gwada masa wadda ta dace da kafaɗarsa.

Mazaunin Najeriya da bai da lasisi a hannu, kowacce ya fi so a cikin huɗun, kada ya saya, kada ya karɓi aro, kada ya sa a sako masa ko da ta iska ce cikin kaya daga waje. Ya nemi hukumar wasan harbi ta ƙasa ko majalisar wasanni ta jiharsa, ya tambayi inda ake atisaye bisa izini, ya fara da bindigar wurin.